Cunkoson Motocin Kaya a Bakin Iyaka da Yadda Yake Taɓa Manomin Gazara

Garin Gazara, a Ƙaramar Hukumar Maƙarfi ta Jihar Kaduna, ba ya bakin iyakar ƙasa. Motar da ta yi lodi a can sai ta ratsa ƙasar Kano ko ta Katsina, ta ci kilomita wajen 300, kafin ta isa shingen kwastan na Jibiya. Duk da wannan nisa, ranar da aka ƙara tsananta binciken kaya a Jibiya, ko Kwangwalam, ko Maigatari, ba a cika mako guda ba sai labarin ya bayyana cikin farashin rake a kasuwar Maƙarfi, da farashin kwandon tumatir a ƙasar Kudan da Ikara. Wannan yanki ƙasar fadama ce da noman rani. Rake da mazarƙwaila, tumatir da barkono da tattasai, masara da dawa, su ne abin da mutanensa suke fitarwa, kuma wani kaso daga ciki arewa yake nufa, zuwa Maraɗi da Damagaram da garuruwan da ke bayansu. Motocin da suka kai su kan komo da dabbobi, da wake, da aya, da dabino, da kanwa.

Abin da za a bayyana a nan shi ne yadda sabon bincike a kan iyaka yake haifar da dogon layin manyan motoci, da dalilin da ya sa layin yake daɗewa bai watse ba, da kuma inda ya kamata a nemi maganinsa. Yawancin mutane, har da ma'aikatan gwamnati, sukan ɗauka cewa tun da a bakin shinge aka ga cunkoson, to, a bakin shinge za a warware shi. Amma lissafi ya nuna cewa mafi yawan aikin sai an yi shi can baya, tun daga wurin da aka yi wa mota lodi.

Iyakar da Abin da Ya Same Ta

Iyakar Nijeriya da Nijar ta kai tsawon kilomita wajen 1,500. Turawan Ingila da na Faransa ne suka shata ta a kan takarda, sa'an nan wakilansu suka bi ta suna kafa alamu tsakanin 1906 da 1908. Ta raba Katsina da Maraɗi, waɗanda tsakaninsu bai kai kilomita 100 ba, ta raba Daura da ƙauyukanta na arewa, ta raba Gobir biyu. Saboda haka cinikin da ke ratsa ta ya girme ta nesa ba kusa ba, kuma duk dokar da aka kafa a kanta ciniki ne mai gudana take tarewa.

An tare shi sau da yawa. A watan Afrilu na 1984 gwamnatin soja ta Janar Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin ƙasa don canjin kuɗi, ba a buɗe ba sai a watan Maris na 1986. Rufewar ta zo daidai da fari mai tsanani, har mutanen Nijar suka laƙaba wa yunwar wannan shekara sunan El-Buhari. A 2016 an hana shigo da shinkafa ta kan tudu, a watan Janairu na 2017 aka hana shigo da motoci ta wannan hanya. Ran 20 ga Agusta, 2019, aka fara wani sintiri na haɗin gwiwa, na kwastan da jami'an shige da fice da soja da 'yan sanda, wanda da farko aka ce bincike ne kurum, amma zuwa watan Oktoba sai Shugaban Kwastan na lokacin, Kanar Hameed Ali, ya bayyana cewa an hana shiga da fitar kowane irin kaya ta kan tudu. A watan Nuwamba aka hana kai man fetur gidajen mai da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Ran 16 ga Disamba, 2020, aka buɗe ƙofofi huɗu, watau Seme, da Illela, da Maigatari, da Mfum. Jibiya da Kamba sai a watan Afrilu na 2022. Ba a daɗe ba kuma soja suka kifar da gwamnatin Muhammadu Bazum ran 26 ga Yuli, 2023, Ƙungiyar ECOWAS ta sa wa Nijar takunkumi, aka sake rufewa, motoci maƙare da kaya suka yi ta jira a Jibiya da Illela har zuwa watan Maris na 2024.

Ya kamata a bambanta abu biyu. Rufe iyaka ƙirƙif al'amari ne na siyasa, ba abin da mai tsara zirga-zirga zai iya yi a kansa. Amma abin da ya fi yawan aukuwa, ya kuma fi daɗewa, shi ne a bar ƙofa a buɗe a ƙara sharuɗɗan wucewa: sabuwar takarda, sabon haraji, ko umurnin cewa a sauke kowace mota a ƙirga buhunanta. Irin wannan aka gani a farkon 2024, sa'ad da tsadar abinci ta sa aka tsananta hana fitar da hatsi, aka riƙa tsare motocin abinci masu nufin arewa ana bincike. Ita ma Nijar a watan Oktoba na 2024 ta hana fitar da gero da dawa da masara da shinkafa da wake, in ban da zuwa Mali da Burkina Faso. Kowane ɗayan waɗannan matakai yana da hujjarsa, kuma babu ƙasar da za a ce kada ta san abin da ke shiga da fita cikinta. Sai dai kowane ɗayansu yana ƙara mintocin da mota za ta tsaya gaban jami'i, kuma a cikin waɗannan mintoci matsalar take.

Lissafin Layi

A ɗauka, alal misali kurum, wani wurin kwastan yana da gurbin bincike biyu, ana aiki awa 10 kowace rana, kowace mota kuma tana cin minti 30. Ke nan a rana ana iya sallamar mota 40. In motocin da ke zuwa 36 ne a rana, kowa zai wuce kafin magariba, ba mai kwana.

To, sai aka kawo sabuwar doka, cewa a kwance tamfol a sauke wani sashe na kaya a duba, lokacin kowace mota ya koma minti 50. Ƙarin minti 20 ne kacal, abin da mai rubuta umurni a ofis ba zai ɗauke shi a bakin kome ba. Amma yanzu mota 24 kaɗai za a iya sallama a rana, ga shi kuwa 36 suna ci gaba da zuwa. Kullum ana kwana da ragowar 12. Bayan kwana 10 an tara mota 120. In kowace tirela da ɗan filin da ke gabanta sun ci mita 20, layin ya kai kilomita biyu da kusan rabi, watau ya fita daga harabar kwastan ya toshe hanyar gari. Direban da ya iso a rana ta goma sai ya yi kwana 5 kafin a zo kansa.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne abin da ke biyo baya. A ce hukuma ta ga ɓarnar ta janye dokar, aka koma minti 30. Wurin yana sallamar 40, sababbi 36 suna zuwa, saboda haka mota 4 kaɗai ake ragewa daga tsohon layi kowace rana. Layin da aka tara cikin kwana 10 sai ya ci kwana 30 kafin ya ƙare. Wannan shi ya sa ake jin an ce an sassauta, amma direbobi suna ta kukan ba su ga canji ba, har a riƙa zargin ƙarya ake yi musu. Ba lalle ne ƙarya ba ce. Layi yana taruwa da sauri, yana watsewa a hankali, muddin abin da wurin zai iya sallama bai ɗara abin da ke zuwa da yawa ba.

Wannan misali ma ya sauƙaƙa al'amarin, domin motoci ba sa zuwa a jere daidai wa daida. Ranakun kasuwa, kamar Alhamis ta Maigatari, sukan taso da su gaba ɗaya. Rashin tsaro a wasu hanyoyin Katsina da Zamfara a shekarun nan ya sa direbobi da yawa sun daina tafiyar dare, sai su taru su iso tare da hantsi. Lokacin kaka da lokacin saran rake ba ɗaya suke da tsakiyar damina ba. Ga kuma shingayen da ke kan hanya tun kafin a kai iyaka, musamman tsakanin Katsina da Jibiya, inda kowace hukuma ta kafa nata. Bayan haka duka, ƙofa biyu ce: in an gama da Magama ta Jibiya, sai a fuskanci Ɗan Isa a ɓangaren Nijar, da nasu takardu da nasu lokutan aiki. Wadda ta fi jinkiri a cikin biyun ita ce ke yanke wa kowa hukunci.

Nijeriya ta taɓa koyon wannan darasi da tsada, ko da yake a teku ne. A 1975 ma'aikatun gwamnati suka yi odar siminti wajen tan miliyan 20, alhali tashar jiragen ruwa ta Ikko ba ta iya sauke fiye da tan miliyan guda a shekara. Jirage fiye da 400 suka yi cirko-cirko a bakin teku wata da watanni, ana biyan su kuɗin jinkiri, simintin yana daskarewa a cikinsu. Ba wanda ya tsaya ya gwada abin da ke zuwa da abin da ƙofa za ta iya ɗauka.

Wanda Ke Biyan Kuɗin Jira

Kaya ba ɗaya suke ba wajen jure jira. Buhun masara ko busasshen barkono zai yi mako biyu a kan mota bai canja ba, in dai ruwa bai taɓa shi ba. Mazarƙwaila tana da dama-dama, sai dai zafin rana ƙarƙashin tamfol yana narkar da ita. Rake kuwa tun daga ranar da aka sare shi yake fara raguwa, ruwansa yana ƙafewa, zaƙinsa yana juyawa zuwa tsami, bayan 'yan kwanaki mai saye ya ɗaga sanda ɗaya ya ji ta yi sakayau. Ɗanyen tumatir da ke jibge cikin kwanduna, wani bisa wani, shi ne mafi rauni. Kwana biyu ko uku a rana sun isa a ga ruwa yana ɗiga daga ƙarƙashin mota. Dabbobin da ke tahowa daga arewa su ma haka, ga ƙishirwa ga rama. Amma layi bai san wannan ba. Motar siminti da motar tumatir duk ɗaya ne a wurinsa, wadda ta riga zuwa ita ce gaba.

Ɗan kasuwar da ya yi hasara sau ɗaya ba ya yarda ya yi ta biyu. In ya dawo Maƙarfi ko Hunƙuyi saye, zai cire kuɗin jiran, da abin da yake tsammanin zai ruɓe, da abin da zai bayar a shingaye, daga farashin da zai taya. Manomi kuwa ba shi da ikon ƙi, domin raken da ya isa sara da tumatirin da ya nuna ba sa jiran a sasanta. Ta haka mintocin da aka ƙara a Jibiya suke komowa su fita daga aljihun mutumin Gazara wanda bai taɓa ganin Jibiya ba.

Akwai hanya ta biyu da ba a cika lura da ita ba. Motar da ke tsaye a iyaka mota ce da ba ta dawo ɗaukar wani lodi ba. In zuwa da dawowa kwana 4 ne a da, yanzu ya zama 9, to, motocin nan dai su ne, amma abin da za su kwasa a wata bai kai rabin na da ba. Sai mota ta yi wuya a tasha, 'yan kamasho su ƙara kuɗi, har wanda zai kai kayansa Ikko ko Fatakwal, wanda ba ruwansa da iyaka, shi ma ƙarin ya same shi. Waɗanda suka fasa zuwa arewa kuma sai su juye kayansu a kasuwannin Kano da Zariya, kaya su yi yawa, farashi ya faɗi.

Na uku shi ne fasa-ƙwauri. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. In hanyar halal ta zama ta kwana biyar, ta daji kuwa ta dare ɗaya, to, har mai kayan da doka ba ta hana ba zai sauke su a wani ƙauye ya ba 'yan fito su tsallakar a kan babura da ƙananan motoci. Gwamnati ta rasa harajin, ta rasa ƙididdigar, binciken da aka ƙirƙiro don a ga kome ya zama sanadin da ba a ganin kome. Layin kansa ma yakan zama kasuwa, domin duk inda mutane suka matsu, za a sami mai sayar da wuri a gaba.

Dabarar Fatake da ta Zamani

Kalmar da ake kiran harajin kwastan da ita, watau kuɗin fito, daga bakin kogi ta samo asali. Fataken da ke zuwa Gwanja sayen goro sai sun ƙetare Kwara, kuma ayari mai jakuna ɗaruruwa ba ya shiga jiragen fito gaba ɗaya. Saboda haka madugu ba ya kai ayarinsa bakin ruwa ya tsaya yana ciniki. Jagaba ne ke wucewa gaba, a kai gaisuwa wurin sarki, a faɗi yawan kaya, a daidaita abin da za a biya, ayari kuwa yana zango, inda akwai ruwa da ciyawa da masu sayar da abinci, sai an shirya a riƙa tasowa kashi kashi. Abu biyu ke nan: labarin kaya yana riga kayan isa, jira kuma ana yinsa a wurin da aka tanada don jira. Duk tsarin zamani da ya yi nasara, waɗannan biyun ya bi.

Misali mafi kusa a ƙasashen waje shi ne na Ingila. Da ta fita daga Tarayyar Turai, daga ran 1 ga Janairu, 2021, kayan da ke ƙetarawa zuwa Faransa ta tashar Dover suka zama masu bukatar takardun kwastan, bayan shekaru kusan 30 ba a nema. Dover tasha ce matsattsiya a gindin dutse, manyan motoci dubbai ke bi ta cikinta kullum, ba ta da filin ajiye su. Hukuma ta san cewa mota ɗaya marar takarda tana iya tsai da ɗari a bayanta. Sai aka kafa doka cewa babbar motar da za ta ƙetare ba za ta ko shiga lardin Kent ba, inda tashar take, sai direba ya tabbatar ta intanet cewa takardunsa sun cika an ba shi izini. Wanda aka kama ba shi da shi tarar fam 300 ce. An ware gefe guda na babbar hanyar M20 don jera motoci in layi ya taso, sauran jama'a suna bin ɗaya gefen. An gina babban wurin bincike a Sevington, fiye da kilomita 30 daga tashar Dover. An kuma tsara cewa in abin ya ƙazanta, motocin ɗanyen kifi da na 'yan tsaki su za a fara wucewa da su. Izinin shiga Kent bai wuce watan Afrilu na 2021 ba aka soke shi, da aka ga 'yan kasuwa sun saba. Binciken kayan abinci masu shigowa kuwa sau biyar ana ɗaga shi, ba a fara ba sai ƙarshen Afrilu na 2024, don an ga ba a shirya ba. Wannan bai hana kuka da hasara ba, ƙananan 'yan kasuwa da dama sun daina kai kaya Turai saboda wahalar takardu. Amma ba a wayi gari da sabuwar doka ba tare da sanarwa ba.

A gida ma an gwada. A watan Fabrairu na 2021 Hukumar Tashoshin Jiragen Ruwa ta fara wani tsari a Apapa mai suna Eto, inda mota za ta zauna a garejin da aka amince da shi, ba za ta hau hanyar tasha ba sai an kira ta ta waya. Layin da ya shekara da shekaru a kan gadojin Ikko ya ragu ƙwarai. Amma ba a daɗe ba aka fara kukan ana sayar da tikitin kira a bayan fage. Wannan gargaɗi ne ga duk mai son kawo irinsa arewa: in jerin sunaye ba a fili yake ba, inda kowane direba zai ga lambarsa da ta wanda ke gabansa, to, an ɗauke layin daga kan titi ne an mai da shi cikin aljihun wani.

Abin da Ya Dace da Wannan Yanki

Nijeriya ta amince a 2017 da yarjejeniyar Ƙungiyar Ciniki ta Duniya kan sauƙaƙa wucewar kaya. A cikinta akwai alkawarin buga sabuwar doka tun kafin ta fara aiki, da karɓar takardu kafin kaya su iso, da zaɓen abin da za a bincika bisa ga haɗarinsa, da ba kaya masu lalacewa fifiko. Ke nan ba sabon abu ake nema ba.

A koma ga misalin nan na gurbi biyu. In takardu sun riga mota isa, jami'i ya duba su tun tana hanya, sai ya zaɓi mota ɗaya cikin uku a sauke ta a yi mata binciken minti 50, sauran biyun a duba hatimi da lamba cikin minti 20. Matsakaicin lokaci ya koma minti 30, wurin ya koma sallamar 40 a rana, ba a ƙara jami'i ko ɗaya ba. Mai fasa-ƙwauri kuwa bai san ko shi za a zaɓa ba. Binciken kowace mota yana da kyan faɗi a taron manema labarai, amma jami'in da ya ga layi ya kai kilomita biyu, ga rana ga hayaniya, a ƙarshe leƙe kawai zai riƙa yi, ya zama ba a sami saurin ba, ba a kuma sami binciken ba.

Sa'an nan a janye binciken daga bakin iyaka. An riga an buɗe tashoshin kaya na kan tudu a Kakuri ta Kaduna a 2018, da ta Dala a Kano a 2023, da ta Funtuwa a 2024. An gina su ne da tunanin kwantenonin da ke zuwa daga teku, amma akwai kwastan a cikinsu, kuma ba abin da zai hana a binciki motar da ta nufi Maraɗi a can, a buga mata hatimi, a aika da lambarta gaba. Motar Maƙarfi da Ikara ta Tashar Yari da Kwanar Ɗangora take bi zuwa Kano; ta Kudan tana iya bin Hunƙuyi da Ɗanja ta faɗa ƙasar Katsina, kusa da Funtuwa. Sharaɗin kawai shi ne hatimin ya zama yana da daraja: motar da aka rufe a Kano kada a sake kwance ta a kowane shinge na hanya. In ba haka ba, an ƙara shinge ɗaya ne a kan waɗanda ake da su.

Wani sashe na aikin kuma ba na Gwamnatin Tarayya ba ne. Kwastan nata ne ita kaɗai, amma Tsarin Mulki na 1999 ya ba ƙananan hukumomi kula da kasuwanni da tashoshin mota. Manomin Gazara da ƙaramin ɗan kasuwar da ke haɗa lodin mota ɗaya da abokansa uku ko huɗu ba su da wakilin kwastan, da yawansu ba su san cewa masara tana cikin kayan da doka ta hana fitarwa ba, ko cewa kayan gona suna bukatar shaidar lafiya daga hukumar killace tsirrai, sai sun isa shinge. Mota ɗaya da aka cusa wa buhun masara 10 a ƙarƙashin rake ta jawo an tsare raken duka. Tebur guda a kasuwar Maƙarfi, da ma'aikaci mai waya, wanda ƙananan hukumomin Maƙarfi da Kudan da Ikara za su haɗu su ɗauki nauyinsa tare da ƙungiyar direbobi da shugabannin kasuwa, ya isa a rubuta abin da kowace mota ta ɗauka da mai kowane kaya, a gaya wa mutum abin da ba zai wuce ba tun bai ɗora ba, a kuma riƙa samun labarin tsawon layi a Jibiya da Kwangwalam da Maigatari kowace safiya. Amfanin wannan labari ga mai rake babba ne, domin rake a tsaye cikin gona yana iya jiran mako guda ba abin da ya same shi. Gona ita ce zangonsa mafi arha. Haka mai tumatir, in ya san hanya a toshe take, gara ya yanka ya shanya ya yi kauɗa da ya ɗora ɗanye.

Abin da ya fi wuya shi ne ɗaya ɓangaren. A Seme da Krake, tsakanin Nijeriya da Benin, an buɗe wurin bincike na haɗin gwiwa a watan Oktoba na 2018, don jami'an ƙasashen biyu su zauna a haraba ɗaya, amma ba a cika shekara ba aka rufe iyakar. Nijar kuma ta fita daga ECOWAS a watan Janairu na 2025, saboda haka duk wata daidaitawa sai dai ta bi ta Hukumar Haɗin Gwiwa ta Nijeriya da Nijar, wadda aka kafa tun 1971, ko ta tsakanin gwamnonin Katsina da Maraɗi da shugabannin kwastan na wurin. Ko ba a kai ga haraba ɗaya ba, ana iya daidaita lokacin buɗewa da rufewa, da layi na musamman don dabbobi da ɗanyen kaya, da alkawarin cewa kowane ɓangare zai sanar da ɗayan kafin ya canja doka. Takardun ɓangare ɗaya da Ingilishi suke, na ɗayan da Faransanci, alhali jami'an da direbobin duk da Hausa suke magana da juna. Tun da Nijar ta ɗauki Hausa a matsayin harshen ƙasa a 2025, takardar lodi mai harshe uku ba ta fi ƙarfin hukumomin biyu ba.

Hanyar jirgin ƙasa daga Kano zuwa Maraɗi, mai kilomita 284, wadda aka ɗora harsashinta a watan Fabrairu na 2021, ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya aka tsara ta bi. Jirgi ɗaya yana ɗaukar lodin tireloli da yawa a kan takarda ɗaya, kuma a tashar da ya taso ake bincikensa. Kaya masu nauyi da ba sa lalacewa, irin su siminti da taki, su suka fi dacewa da shi, kuma in sun bar titi, gurbin binciken Jibiya ya rage wa rake da tumatir da dabbobi.